Mafarautan Guguwa: Masu Tarar Aradu da Ka

Idan hadari ya haɗo ya yi baƙi ƙirin, iska ta fara kaɗa rassa, abin da kowa ya sani shi ne a kwashe shanya, a kora yara ɗaki, a ja ƙofa. A tsakiyar Amurka kuwa akwai mutanen da a daidai wannan lokacin ne suke tayar da mota su nufi gindin hadarin. Tun asuba suke nemansa, wasu ma sun kwana bisa hanya saboda shi. Su ne mafarautan guguwa. Daga watan Afrilu zuwa Yuni ba su da gida sai mota da masaukin matafiya na bakin titi.

Guguwar da suke bi ba irin tamu ta bazara ba ce, wadda ke tashi daga ƙasa da rana tsaka, ta yi awon gaba da ledoji da karmami, yara suna binta da ihu, kafin ka ce kwabo ta watse. Wannan daga cikin hadari take saukowa, kanta a girgije, gindinta a ƙasa. Wata siririya ce, wata kuma faɗinta ya fi tsawonta, har mai kallo ya ɗauka girgijen ne ya sauko ya zauna. Mai ƙarfin cikinsu takan tuge gida daga harsashinsa, ta ɗauki tirela ta jefar a gona, ta ɓare wa itatuwa ɓawo. Amurka na ganin kimanin 1,200 a shekara, babu ƙasar da ta kamo ta. Ƙirar ƙasar ce ta jawo haka. Iska mai ɗumi da laima tana tasowa daga tekun Meziko ta kudu, busasshiya tana gangarowa daga duwatsun Rocky da hamadar yamma, mai sanyi kuma daga Kanada. Babu wani dutse da ya gitta ya raba su, sai su haɗu a shimfiɗaɗɗen filin da ya taso daga Teksas ya ratsa Oklahoma da Kansas da Nebraska har Dakota. Nan ce gonar mafarautan.

Aikin yana farawa ne a gaban kwamfuta, tun ba a karya kumallo ba. Cibiyar hasashen hadari ta gwamnati da ke garin Norman a Oklahoma kullum tana fitar da taswira mai launi-launi, ta kasa hatsarin ranar mataki biyar. Sai dai taswirar kan lulluɓe jihohi biyu ko uku, ita kuwa guguwa tana iya sauka a gonar mutum ɗaya, ta yi minti goma ta ɓace. Don haka dole mafarauci ya yi nasa lissafin. Zai duba bayanan balan-balan ɗin auna yanayi da ake saki sama sau biyu a rana, ya ga yawan laima, ya ga zafi, ya ga yadda iska ke sauya gudu da alƙibla daga ƙasa zuwa sama. Wannan na ƙarshen shi ne ƙashin bayan lamarin, domin idan iskar ƙasa tana zuwa daga kudu, ta sama kuma daga yamma da ƙarfi, hadarin da ya taso a tsakani juyawa zai riƙa yi. Daga nan sai ya ɗora yatsa kan wani ƙaramin gari ya ce can za a yi. Garin na iya kasancewa kilomita 600 daga inda ya kwana.

Abin da fim ba ya nunawa shi ne zaman jira. Da azahar za ka tarar da su a gidan mai na wani ƙauye, motoci jere da eriya a kansu, gilasai duk sun tsattsage, kowa ya jingina da mota yana cin abincin leda yana ɗaga kai sama. Akwai wani shimfiɗin iska mai ɗumi can sama da suke kira murfi, wanda ke danne ta ƙasa ya hana ta tashi. Idan murfin ya yi rauni, hadari kan tashi barkatai ko'ina, su cinye wa juna ƙarfi. Idan ya yi kauri, babu abin da zai tashi, sai a wuni a rana, a koma masauki da ƙunar fata da kuɗin mai a wuya. Wanda ake so shi ne murfin da zai riƙe har la'asar, sannan ya ɓule a wuri ɗaya, duk zafin da ya taru ya bi ta nan. Ranakun da ake tashi a tutar babu sun fi na samu yawa nesa ba kusa ba. Mutum kan yi mako yana tuƙi bai ga ko guda ba. Shi ya sa suke da al'ada: ranar da aka ga guguwa, da dare a je a ci gasasshen naman sa. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Ranar da murfin ya ɓule, sai ka ga farin girgije yana tumbatsa sama yana tafasa, cikin rabin sa'a ya kai tsayin kilomita goma sha biyar ko fiye, kansa ya baje. A mota kowa da aikinsa: ɗaya na tuƙi, idonsa kan titi kawai, ɗaya na riƙe da taswirar hanyoyi, ɗaya na kallon hoton rada a kwamfuta. Abin da mai radar ke jira shi ne ya ga ruwan hadarin ya lanƙwashe a gefen kudu maso yamma ya yi siffar ƙugiya. Galibi irin wannan hadari daga kudu maso yamma yake tafiya zuwa arewa maso gabas, don haka sukan tsaya ta kudu maso gabas da shi, inda babu ruwa, ana ganin gindinsa fes. Suna fitowa daga mota iska mai ɗumi za ta riƙa bugun bayansu da ƙarfi, tana gudu zuwa cikin hadarin, ciyawa duk ta kwanta ta fuskance shi. Can ƙarƙashin girgijen wani ɓangare zai zazzago ƙasa kamar tumbi, yana juyawa a hankali, ƙananan gizagizai suna tashi daga ƙasa suna manne masa. Wani lokaci sararin da ke bayansa kan yi wani irin kore-kore. Sau da yawa alamar farko ƙura ce za ta fara kewayawa a gona, tun ba a ga komai ya sauko daga sama ba. Idan iskar nan mai ɗumi ta ɗauke, mai sanyi ta bugo daga yamma, gwani ya san lokacin matsawa ya yi.

Tsofaffin hannu suna da ƙa'idodi da ba a rubuta ba. Kada ka tsaya inda ba ka san hanyar fita biyu ba. Kada ka bari mai ya yi ƙasa. Kada ka kashe injin. Filayen nan an yanka su da hanyoyi murabba'i-murabba'i, kusan kowace mil ɗaya akwai mararraba, wannan kuwa babbar gata ce, amma da yawansu na ƙasa ne, ruwa na taɓa su sun zama taɓo, mota ta kafe a gaban guguwa. Ga ƙanƙara: wadda ta faɗo a Vivian ta Dakota ta Kudu a watan Yulin 2010 faɗinta santimita 20 ne, nauyinta ya kusa kilo ɗaya. Wadda ba ta kai rabin wannan ba ma ta isa ta tarwatsa gilashin mota. Mafi muni ita ce guguwar da ruwan sama ya lulluɓe, ba ka ganinta sai ta iso.

Mai karatu na iya cewa wannan ai ganganci ne, kuma akwai ganganci a ciki. Amma akwai gurbin da har yau na'ura ba ta cike ba. Amurka na da manyan rada kusan 160, sai dai haskensu miƙewa yake yi, duniya kuwa a lanƙwashe take. Idan hadari ya yi nisan kilomita ɗari ko fiye, rada saman girgijen take gani, abin da ke faruwa a ƙasa ya ɓuya mata. Tana iya cewa hadarin nan yana juyawa, amma sau da yawa tabbacin cewa guguwa ta taɓa ƙasa sai ido ya gani. Shi ya sa hukumar yanayi take horar da dubban 'yan sa-kai a garuruwa, take kuma karɓar rahoton mafarauta ta waya da intanet. Yawancin gargaɗin da ake bayarwa guguwar ba ta zuwa, mutane kuwa idan jiniya ta cika kuka a banza sai su daina tashi. Amma idan aka ce ga ta nan an gan ta, tana kan hanya kaza, ta nufo unguwa kaza, ga hotonta a talabijin, to ko mai taurin kai zai ɗauki 'ya'yansa ya sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Gani ya kori ji. Lokacin da mutane ke samu tsakanin gargaɗi da isowarta bai cika wuce minti goma zuwa goma sha biyar ba. A ranar 18 ga Maris, 1925, lokacin da babu gargaɗi ko kaɗan, guguwa ɗaya ta ratsa Missouri da Illinois da Indiana ta kashe mutum 695.

Sana'ar ba ta daɗe ba. David Hoadley ya fara bin hadari a Dakota ta Arewa a 1956, da mota da kamara da abin da yake ji a rediyo, daga baya a 1977 ya kafa mujallar Storm Track wadda ta haɗa kan 'yan tsirarun masu wannan sha'awa. Masana sun shigo da gaske a 1972, lokacin da wata cibiyar binciken hadari da ke Norman ta fara tura ma'aikata da ɗalibai su tari guguwa. A ranar 24 ga Mayu, 1973, suka yi babban kamu a Union City ta Oklahoma: waɗanda ke ƙasa suka ɗauki hoton guguwar tun daga haihuwarta har mutuwarta, sabuwar radar Dofla kuma tana kallon hadarin daga nesa. Da aka haɗa bayanan biyu, sai aka gano cewa juyin ya bayyana a cikin girgije mintuna da dama kafin ya sauko. A kan wannan binciken aka gina yawancin gargaɗin da ake bayarwa yau.

Bayan nan sai buri ya koma kan auna cikin guguwar kanta. A shekarun 1980 Howard Bluestein na Jami'ar Oklahoma da ɗalibansa sun yi ta yawo da wata ganga mai nauyin kilo 180 cike da na'urori, suna neman su ajiye ta a kan hanyar guguwa su gudu. Shekaru aka yi ana wannan wahala, guguwa ba ta taɓa bi ta kanta sosai ba. Joshua Wurman ya zo da wata dabara a 1995: ya ɗora rada a bayan babbar mota, a kai ta kusa. Da ita aka auna iska mai gudun sama da kilomita 480 a sa'a a guguwar da ta afka wa Bridge Creek da Moore ranar 3 ga Mayu, 1999. A 2009 da 2010 kuma masana kusan ɗari da motoci wajen arba'in suka fita aikin da aka kira VORTEX2, da tambaya ɗaya a bakinsu: me ya sa hadari biyu za su yi kama a rada, ɗaya ya haifi guguwa, ɗaya ya wuce salin-alin? Yawancin hadarin da ke juyawa ba sa haifar da komai, kuma har yanzu masana suna kan wannan tambaya.

Wanda ya yi nasara inda ganga ta gaza shi ne Tim Samaras, injiniya daga Colorado wanda bai yi karatun yanayi a jami'a ba, ya dai ƙware wajen ƙera na'urorin auna fashewar abubuwa. Ya ƙera wata 'yar na'ura gajeruwa mai faɗin gindi da tsinin kai, yadda duk ƙarfin iska sai dai ya ƙara danna ta ƙasa. A ranar 24 ga Yuni, 2003, kusa da ƙauyen Manchester na Dakota ta Kudu, ya sauko daga mota, ya kunna ta, ya ajiye a gefen hanya, ya koma ya tsere. Ba a yi minti biyu ba guguwar ta bi ta kanta. Na'urar ta nuna matsin iska ya faɗi da miliba 100 cikin ƙasa da minti ɗaya, abin da ba a taɓa aunawa ba kafin ranar. Ƙauyen Manchester kuwa daga ranar bai sake tashi ba.

To, ina abincin yake? Gaskiya kaɗan ne ke ci daga wannan aiki kaɗai. Mafi yawa suna da wata sana'ar, hutun shekara suke tarawa su kashe a watan Mayu, da kuɗin aljihunsu. Akwai masu bincike da ke rayuwa kan tallafin gwamnati da na jami'o'i. Akwai waɗanda gidajen talabijin na Oklahoma da Kansas ke ɗauka, suna ba da rahoto kai tsaye daga mota. Akwai masu ɗaukar 'yan yawon buɗe ido, mutum ya biya dala dubbai a zaga da shi mako guda ko kwana goma cikin bas, ba tare da alƙawarin zai ga komai ba. Sai masu sayar da bidiyo, kuma a nan ne matsalar take. Da can, mai hoton guguwa shi kaɗai ke da shi, gidan talabijin ya biya da daraja. Yau kowane manomi yana da kamara a aljihu. Hoton da aka ɗauka daga nisan kilomita biyar ba ya sayuwa, wanda ake so shi ne wanda kwanon rufi ke shawagi a gaban gilashi, direba yana ihu. Masu watsawa kai tsaye a YouTube da Facebook sun ga da idonsu yadda 'yan kallo ke ƙaruwa idan an matsa kusa. Kasuwa tana biyan kusanci, ba ta biyan hankali.

Kamara ta taɓa yin ɓarnar da ba a manta ba. A watan Afrilun 1991 wasu ma'aikatan talabijin a Kansas suka fake ƙarƙashin gadar sama, guguwa ta wuce kusa da su, suka tsira, bidiyon ya zaga ƙasa. Mutane suka ɗauka gada mafaka ce, alhali iska ƙara gudu take yi idan ta matse a ƙarƙashinta. A guguwar 3 ga Mayu, 1999, mutum uku sun mutu a gadoji uku dabam-dabam. Fim ɗin Twister na 1996 da shirin talabijin na Storm Chasers da ya biyo baya su kuma suka cika hanyoyi da sababbin shiga. A ranar da hasashe ya yi kyau kusa da birni, ɗaruruwan motoci kan yi jerin gwano a kan siririyar hanya ɗaya, wasu a tsaye a tsakiyar titi da ƙofa buɗe, motar asibiti ta rasa ta inda za ta wuce.

Ranar 31 ga Mayu, 2013, ita ce ranar da duk mai wannan sana'a ya sani. Da misalin ƙarfe shida na yamma guguwa ta sauka kudu maso yamma da garin El Reno na Oklahoma, lulluɓe da ruwa. Maimakon ta bi hanyar da aka saba, sai ta fara nufar kudu maso gabas, inda mafarauta suka saba tsayawa, sannan ta lanƙwasa ta yi arewa maso gabas, tana ƙara gudu tana kumbura. Cikin 'yan mintuna faɗinta ya kai kilomita 4.2, mafi faɗi da aka taɓa aunawa. Abin da ido ke gani a tsakiya ƙaramin ɓangare ne kawai. Mutane da dama suna cikinta suna zaton suna gefe. A cikinta kuma akwai ƙananan guguwoyi masu kewayawa da gudun da mota ba za ta tsere musu ba a hanyar ƙasa. Ɗaya daga cikinsu ta cim ma ƙaramar motar Chevrolet Cobalt da ke ɗauke da Tim Samaras, mai shekara 55, da ɗansa Paul, da abokin aikinsa Carl Young. Babu wanda ya fita da rai. Motar tawagar Mike Bettes ta tashar Weather Channel ita ma an yi jifa da ita cikin gona, su dai Allah Ya yi da sauran kwana. Mutum takwas guguwar ta kashe, dukkansu a cikin motoci.

Abin da ya girgiza abokan sana'a shi ne Samaras ba ya cikin masu ganganci. An san shi da janyewa idan bai gamsu da hanya ba, kuma ba don ihu a kamara ya fita ba. Idan irinsa zai faɗa, to ƙa'idar tsayawa kudu maso gabas ba laya ba ce. Wani abin kuma: ma'aunin ƙarfin guguwa da ake amfani da shi, wanda Ted Fujita na Jami'ar Chicago ya ƙirƙiro a 1971 aka sabunta a 2007, ɓarna yake dubawa. Da yake guguwar El Reno gonaki ta fi bi, lamba uku aka ba ta a ma'aunin da ke tashi daga sifili zuwa biyar, duk da cewa rada ta auna iskar da ta kai ta mataki na ƙarshe.

Duk da haka, titi ya fi guguwa cin mafarauta. A watan Maris na 2017 uku sun mutu kusa da garin Spur na Teksas, lokacin da motar biyu daga cikinsu ta ƙi tsayawa a mararraba ta daki ta ɗayan. A ƙarshen Afrilun 2022 ɗalibai uku masu karatun yanayi a Jami'ar Oklahoma suna komawa gida da dare daga farauta a Kansas, motarsu ta sulluɓe a jiƙaƙƙen titi, babbar mota ta hau su. Gajiya, ruwa, duhu, da ido da ke kan waya maimakon hanya, su ne ke jiran mutum bayan hadari ya wuce.

A 2025 an gabatar da ƙudiri a majalisar jihar Oklahoma na ba ma'aikatan gidajen talabijin da na jami'o'i lasisin bin hadari da wasu gata a kan titi, abin ya jawo ce-ce-ku-ce, domin da yawa daga cikin ƙwararrun ba sa aiki a ƙarƙashin kowa. A ganina lasisi ba zai raba gwani da ɗan ganganci ba. Abin da ke raba su ana ganinsa ne a wurare biyu. Na farko, da ya ga guguwa ta sauka, hukumar yanayi ya fara kira ko kamara ya fara gyarawa? Na biyu, idan ya iso ƙauyen da ta ragargaza, galibi kafin 'yan kwana-kwana da motar asibiti, ya tsaya ya tono mutane daga ƙarƙashin katako, ko ya taka mota ya bi ta don ƙarin hoto? Wanda ya kira kuma ya tsaya, sana'a yake yi, kuma garuruwan filin nan suna bukatarsa. Ɗayan kuwa cunkoso kawai yake ƙara wa hanya.